Engkus Ya Sake Makara

Litinin, 9 ga Satumba, 2019

Ina wanke shinkafa Kang Yayat ya kira, yana ihu har sai da na janye wayar daga kunnena. Wai faifanmu ya shiga cikin biyar da za a fitar da gwani a bikin kyaututtukan mawaƙa na Jakarta. Mu 'yan ƙungiyar Hawu Tiis, da muka shekara goma sha ɗaya muna kiɗa a gareji da tsofaffin masaƙun Bandung, ana kashe mana wuta ana korarmu. Ya ce, "Neng, ki ce wani abu mana!" Haka yake kirana, Neng. Na ce masha Allah. Abin da ya zo bakina ke nan.

Mu uku ne. Yayat na waƙa da jita, ni ina kan kwamfuta da ƙarar injuna, yayana Engkus yana dukan ƙarafa. Duro, sifirin mota, tukunyar gas, sarƙa, duk abin da ya tsinto a shagonsa na walda. Shi ya kamata a fara kira. Yana maƙabarta tun Fabrairu, babbar mota ta taka shi a kan babur, kwanaki kaɗan bayan ya gama buga nasa a faifan.

Shinkafar ta caɓe.

Alhamis, 12 ga Satumba

Wani marubucin jarida ya cika shafi guda a kanmu. Wai hikimar faifan ita ce ƙarafan suna zuwa a bayan bugun na'ura da ɗan taƙi, wai hoton ɗan Adam ne yana jan ƙafa a gaban inji. Har ya kira ni gwanar haɗa sauti. Kallon kitse ake wa rogo.

Engkus makararre ne kawai. Idan muna ɗauka, na'ura tana buga mana ƙas-ƙas a kunne don kowa ya bi. Ni da Yayat muna bi, shi kuwa sai ƙas ya wuce sannan guduma ta sauka. In na yi magana ya ce, "Ni da na'urar nan wa ya girmi wani? Ta jira ni." Shekara da shekaru, in ya tafi sai in zauna in ja kowane bugu nasa a kwamfuta in ɗora a kan layi. Guga yake kiran aikin. Washegari ya leƙo da warin hayaƙin walda a rigarsa ya ce, "Nenden, an goge ni?"

Wannan karon na buɗe aikin bayan addu'ar arba'in, na ɗora hannu, na kasa. Babu wata hikima. Kasawa na yi.

Asabar, 14 ga Satumba

Mai bakso, mai tallar miyar curin nama, ya wuce da la'asar yana ƙwanƙwasa kwano da cokali, sau uku kamar kullum. Bayan na ukun na ji na huɗu. Ƙarfe ne mai nauyi, daga bayan gida, a makare.

Laraba, 25 ga Satumba

Kullum yanzu. Bayan mai bakso, bayan gangar masallaci kafin kiran salla, har bayan ɗigon famfo. Duk abin da ke bugawa a jere, in ya tsaya, sai guda ɗaya ya biyo baya. Na je bayan gida na duba. Ƙarafansa na nan ƙarƙashin tamfol yadda Yayat ya sauke su, ganye ya taru a kai, ko kyanwa ba ta wurin.

Ban gaya wa Mak, mahaifiyarmu, ba. Na dai tambaye ta ko tana jin wani abu da yamma. Ta ce gwiwarta kawai take ji. Tana soya tempe, wainar waken suya, ta shiga labarinsa ba wanda ya tambaye ta. Wai ko haihuwarsa sai da ya ƙara mata mako biyu, ungozoma ta yi ta zarya har ta yi fushi. Makaranta a makare, ɗaurin auren ƙanwarta a makare, sallar Idi ana sallamewa yana shimfiɗa darduma. Ta juya tempen ta ce, "Abu ɗaya yaron nan ya taɓa yi da wuri."

Tsoro nake ji, gaskiya. Amma in la'asar ta yi sai in ga na rage rediyo.

Talata, 8 ga Oktoba

Bu Widya, mai shirya bikin, ta kira daga Jakarta. Suna so mu yi waƙa ɗaya a dandamali, kai tsaye a talabijin. Za su saka hoton Engkus a babban allo, a ajiye duronsa babu kowa a bayansa, bugunsa ya fito daga kwamfutata. Duk sanda guduma ta sauka, wuta za ta tashi daga bututu a gefen duron. Muryarta da daɗi, irin ta masu sayar da inshora.

Sai ta zo kan maganar. Wutar da fitilun duk na'ura ce ke sakinsu a kan ƙas-ƙas, ba hannu ba. Don haka a gyara ƙarafan su hau layi. Ta ce, "Ƙaramin aiki ne a wurinki, Teh Nenden, an ce ke gwana ce." Na ce ai saboda makarar aka zaɓe mu. Ta yi dariya ta ce wannan na masu rubutu ne, mai kallo a gida wuta yake gani.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Mun yi da Yayat a shagon shayi, har mai shagon ya rage kiɗansa don ya ji da kyau. Ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mun amsa gayyata, sai mu bi dokar gida. Ya ce shekarunsa arba'in da uku, 'yarsa ba ta taɓa ganinsa a ko'ina ba sai a gareji. Ya ce, "Sau nawa kika goge shi yana raye? Ya taɓa yin fushi?" Na ce, "Yana raye, Kang, in na goge yau, gobe zai zo ya sake yamutsawa."

Ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sukari. Da zai tafi ya ce, "Ni ma abokina ne, Neng. Kada ki mai da shi naki ke kaɗai." Wannan ta shige ni, don yana da gaskiya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi gugar. Na kwafi waƙar na ajiye ta asalin a gefe, na zauna tun bayan karin kumallo har azahar. Bugu bayan bugu, ina kamo shi ina ja. A tsakiya akwai inda ya ja numfashi kafin ya ɗaga guduma, da inda ya ce "yawwa" can ƙasa-ƙasa da sarƙa ta faɗi yadda yake so. Da na matso da bugun, numfashin ya rasa wurin zama, dole na yanke shi.

Ta yi kyau. Kowane bugu a mazauninsa kamar haƙoran roba. Na tura wa Bu Widya, ta aiko da hoton tafi.

Talata, 22 ga Oktoba

Mai bakso ya buga uku. Shiru. Jiya ma haka.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na zaci in ya daina zan samu barci. Ina! Gidan ya zama kamar an kwashe kaya. Ji nake kamar ni na kore shi, ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa na watsa masa ruwa.

Na kunna wa Mak gogaggiyar, ita da ba ta taɓa son kiɗanmu ba, kullum cewa take kamar ana rushe kasuwa. Ta saurara tana tsince wake. Da aka kai rabi ta ɗago ta ce, "Wa kuka samu a madadinsa?" Na ce shi ne, Mak. Ta ce, "Uhm. To ya shiryu." Ta ci gaba da tsintar wakenta, ba ta sake kallon wajen ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Jakarta. Zafi da cunkoso. Mun yi gwaji da rana da gogaggiyar, wuta na tashi daidai da guduma, ma'aikatan suna ta jinjina. Hoton da suka zaɓa, an goge masa tabon walda na kumatu. Yayat ya kalli allon, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai yana gyara wayar jitar da ba abin da ya same ta.

Waƙoƙin biyu suna nan a kwamfutata, ɗaya a kan ɗaya. Ban goge ta asalin ba. Ban ce zan yi komai ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

A jirgin ƙasa nake rubutu.

Jiya da aka kira sunanmu muka hau, na ga duron shi kaɗai a cikin haske, da lotsawar da gwiwarsa ta yi masa a gefe. Yatsana ya sauka a kan ta ƙasan, ta asalin. Ba zan ce kuskure ba ne.

Ƙas-ƙas ya fara. Wuta ta tashi, fuu, babu komai. Sai da ta fara lafawa guduma ta sauka. Wuta, sannan shi. Wuta, sannan shi. A gaban ƙasa baki ɗaya, wutar kamfani tana tashi tana jiran ɗan walda. Wani yana ta ihu a kunnena daga ɗakin sarrafawa, na zare abin kunnen na jefar. Yayat ya juyo, na zaci zai kashe ni da ido. Sai na ga shi ma ya zare nasa. Ya jira. Ya shiga baitin a makare, a bayan Engkus, yana dariya hawaye na zuba cikin gemunsa. Da aka zo wurin numfashin, manyan lasifikokin nan suka fitar da shi, zauren duka ya ji yayana ya ja iska. Har "yawwa" ɗin ta fito. Na dafa tebur.

Mun ci kyautar. An ba da tamu lokacin talla, babu wanda ya gani a gida. Bu Widya ta same ni a bayan dandamali, muryar inshorar ta tafi. Ta ce na kunyata ma'aikatanta, kuma kada mu sa rai da wata gayyata. Na ba ta haƙuri, don ma'aikatan ba su yi min komai ba. Yayat ya ce mata, "Bu, mu ma shekara goma sha ɗaya muna fama da shi."

Mak ta kira da safe. A gidan maƙwabta ta kalla. Ta ce, "Na ga yaron nan ya sake makara." Sai ta kashe kafin in ji sauran.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Yayat ya kawo kyautar ya ce a gidanmu za ta zauna, Mak ta ɗora ta a kan firji kusa da kwalbar man zafi. Jiya na yaye tamfol na shafa wa ƙarafan mai, don tsatsa kawai. Yayat ya ce akwai wata mata a Cimahi da ke dukan ƙarfe, ko za mu je mu ji ta. Na ce sai na yi tunani. Ban ce a'a ba, shi ma ya lura, bai ja maganar ba.

Bugun bai dawo ba. Na yi zaton bayan Jakarta zai dawo.

Da la'asar ruwan ya tsagaita, mai bakso ya wuce. Ina tsaye a kicin da cokalin shayi a hannu. Ya buga uku. Na jira, na jira, sai na ji hannuna ya kai wa kyautar ɗaya. Engkus duk ƙarfen da ya gani sai ya buga ya ji muryarsa. Wannan gwangwani ce, da ya yi mata dariya.

Mak ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Wane ne?" Na ce ni ce, Mak. Ta ce, "To ki tsayar da mai bakson, kin bari ya wuce."