Na shafa wa amanar Baba man shanu

Malam mai ba da shawara,

Don Allah ka taimake ni, na kasa faɗa wa kowa a gida. Shekaruna goma sha huɗu, bara na bar lakwal, wato makarantar boko, ka yi haƙuri da rubutuna.

Babana Garbai ya kai shanu Barno yana saurayi, aka kama shi ɗaukar kaya a yaƙin Jamus, can Kamaru. Hafsansu Baturen Ingila ne ɗan shekara ashirin da biyu, suna ce masa Mai Fito, don ko ana harbi fito yake yi. Ranar da harsashi ya karya ƙafar Baba kowa ya gudu, shi ya komo ya ja shi bayan dutse. A nan aka harbi Baturen. Kafin ya cika ya ba Baba wata farar fatar ɗan rago mai shuɗin baki, ta ɗaurawa a ƙugu. Tafinta ya ce ta ƙungiyarsu ce ta zumunci, maza masu rantsuwar riƙe juna, kuma su Baturen yake so a mayar wa.

Baba ya komo Gure, ƙasar Faransawa, bai sami hanya ba. Shekara ashirin tana cikin akwati. Duk kakar dabino yakan raba na farko ga baƙi don tunawa da shi. Ni ma ina gode wa Baturen, da bai komo ya ja Baba ba da ba a haife ni ba.

A bayan fatar akwai sunan Baturen da lambar zauren taron ƙungiyarsu, da tawada. Ni na fara karanta wa Baba, ya yi ta sa ni maimaitawa har na haddace.

Yanzu Baba ba ya gani. Maƙwabcinmu Tanimu zai je fatauci Nguru bayan Salla, ya yarda ya kai ta ga Ingilishi masu mulkin can. Da na ɗauko ta na ga ta bushe tana tsagewa, sai na shafa mata man shanu yadda kakata ke yi wa salka. Ta yi laushi, amma ta koma ja, rubutun ya dagule. Baba ya shafa ya ce bai taɓa jin ta da daɗin taɓawa haka ba. Ban faɗa masa abin da ya faru ba.

Ina tsoron su ce Baba ya wulaƙanta amana. In faɗa masa, ko in bari ta tafi?

'Yar Mai Amana, Gure

'Yata,

Ki faɗa masa. Na san shirunki tausayi ne, kuma gaskiya zai ji zafi. Amma Tanimu yana da ido, kuma gara mahaifinki ya ji daga bakinki. Mutumin da ya riƙe amanar baƙo shekara ashirin bai kamata a rufe shi a kanta ba.

Kin yi kuskuren rashin tambaya. Wulaƙanci kuwa ba ki yi ba: a ƙasarku fatar da ake so ita ake shafa wa mai. Kada ki wanke ta da toka ko sabulu. Ki binne ta cikin dusa kwana uku ta tsotse man, ki naɗe a farin ƙyalle.

Sannan ki ɗauki takarda. Ki rubuta sunan da lambar manya-manya, ki zauna gaban mahaifinki ya ba ki labarin dutsen nan da dabinon baƙi. Ki rubuta man shanun ma. Tanimu ya haɗa duka ya ba Baturen mulki. Ban yi miki alkawarin za ta isa ba, amma in ta isa, mutanensa za su san yadda ya rasu, abin da wataƙila ba wanda ya taɓa gaya musu.

Sunan ya bar fata, amma yana kanki. Ki rubuta shi yau. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa mahaifinki da alheri.