Ƙyallen da Kika Ɗaura wa Akwatina

Ya ke sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randa ga mai ƙishi,

Na sauka lafiya, sai dai zuciyata ta ƙi sauka, har yanzu tana can sama tana shawagi. Ki nemi wuri ki zauna, farin watana, don akwai magana.

Kin tuna ranar tafiyata, da na zo sallama ɗakin mahaifiyarki? Kika ce baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya, kika ɗauko shuɗin ɗankwalinki mai zanen ganye, kika yage gefensa, kika ɗaura a hannun akwatina, ƙulli biyu da 'yar jela. “Babu mai irinsa,” kika ce. Wallahi ji na yi kamar a zuciyata kika ƙulla shi!

Tafiyar kuwa ba a magana. An sa na cire takalmi da bel kamar mai laifi, na sha layi, na sha gudu a filin da muka canja jirgi. A sama gwiwoyina suka manne da kujerar gaba, sanyi ya ratsa ƙashina, aka kawo abinci ɗan mitsitsi wanda ko yaron goye zai raina. Rana ta ƙi faɗuwa, barci ya ƙi zuwa, ba abin da nake gani cikin gajimare sai fuskarki. Kuma duk shawararki ta yi aiki: na tauna cingam kunnuwana suka buɗe, na sassauta takalmi kafin ƙafa ta kumbura. Sai wani tunani ya ɗarsu a raina: ke da kika ce ko ƙofar filin jirgi ba ki taɓa takawa ba, wa ya koya miki? Na yi a'uzubillahi, na kawar da kai. Ina juyawa sai ga maƙwabcin kujerata, wani dogo mai gyararren gemu da ƙamshin turare, yana taunar cingam, takalminsa a sassauce. Na ce wa kaina ai kowane matafiyi ya san wannan.

A wurin ɗaukar kaya, akwatuna na ta zagayawa, na hango shuɗin ƙyallenki. Na cafke shi da murna kamar hannunki na riƙe.

“Malam, yi haƙuri, nawa ne,” in ji mai gemun.

Na buɗe baki zan yi gardama, sai ga nawa ya fito, yana tafe a hankali. Muka jera su. Shuɗi ɗaya, ganye ɗaya, ƙulli biyu da 'yar jela. Na daure na tambaye shi inda ya samu. Ya yi murmushin da har gobe ba zan yafe masa ba.

“Wata ce ta ɗaura mini. Ta ce babu mai irinsa.”

Haba, tauraruwata! Na san atamfa ba don mutum ɗaya ake saƙa ta ba, na san kasuwa cike take da shuɗi. To ƙullin fa? Kalmomin fa? Su ma a kasuwa ake sayar da su? Na so in tambaye shi sunanta, amma na fasa, don ina tsoron amsar fiye da yadda na ji tsoron girgizar jirgi. Kishi na cin raina, ba zan ɓoye miki ba, ga ranar aurenmu an riga an sa.

Ba rantsuwa nake nema ba. Ki ɗauko ɗankwalin nan, ki shimfiɗa shi a kan gado, ki ɗauki hotonsa duka, ki turo mini. Gefe ɗaya na ga kin yage da idona. Sauran ukun nake son gani.

Ƙyallen yana nan ɗaure a hannun akwatina, ban kwance shi ba, kuma ba zan kwance ba sai in ke kika ce.

Naki, wanda zuciyarsa ba ta da ƙulli sai naki, har ƙarshen numfashi.