Mazarin da ya wuce mu

Litinin, 4 ga Yuni, 1984
Garinmu Agiye. Azumi, zafi, babu hadari. Na je tabkin bayan lakol, makarantar bokon garinmu, sau biyu. Ko mazari ɗaya. Shekara tara ina lura da ƙwarin nan: iskar kudu ke kawo su, jajaye-jajaye, garke guda, kafin ruwan shuka da kwana uku ko huɗu. Ba su taɓa yi mini ƙarya ba.

Talata, 12 ga Yuni
An yi yayyafi, maƙwabta sun shuka. Yaya Magaji ya zo da sauran irin gerommu a ƙwarya. Na ce mu jira mazari. "Kai ka yi lakol," in ji shi, ya maida irin rumbu.

Asabar, 23 ga Yuni
Shukar maƙwabta ta ƙone. Na ji kunyar daɗin da na ji.

Litinin, 9 ga Yuli
Sun zo! Bakwai na ƙirga, suna tsoma wutsiya a ɗan ruwan da ya rage, ƙwai suke sakawa. Bakwai ba garke ba ne, na sani. Amma Yuli ta shiga, na kasa zama. Na ce wa Yaya mu shuka.

Alhamis, 12 ga Yuli
Ruwa ya jiƙa ƙasa tsawon yatsa. Mun zuba irin duka.

Laraba, 1 ga Agusta
Ruwa shiru. Geron ya tsiro, ya kwanta. Tabkin ya tsage. Na tona laka da sanda, 'ya'yan mazarin sun bushe a ciki, ba su kai ga fuka-fuki ba. Na hana masu bulo haƙa wajen, suka yi mini dariya. Me nake karewa ma?

Lahadi, 5 ga Agusta
Jaye makiyayi ya dawo daga kudu da shanu biyar. Ya ce bayan Jibiya mazari kamar hayaƙi bisa ruwa. Ashe sun zo, wuce mu suka yi, suka koma kudu. In zai koma, Yaya zai bi shi can neman aiki. Bai ce mini komai kan irin ba. Da ma ya zage ni.

Juma'a, 10 ga Agusta
Matata Lantana ta tambaye ni dalilin ɗinke takalmana. Na ce sun tsufa ne. Na tsayar da Jaye bayan masallaci na tambaye shi kwana nawa ne zuwa Jibiya a ƙafa, da mace mai ciki. Tambaya ce kawai.