Alawar Maƙwabciyata

Assalamu alaikum Yaya Malam,

Ka gafarce ni da damunka. Ya jiki, ya Hajiya da yara?

Maƙwabciyata Ba'indiya a nan Greenbelt, Amurka, wadda ta yi jinyata, kullum tana kawo min girkinsu: shinkafa mai yaji, samosa, shayin citta, kindirmo da mangwaro. Jiya na ci alawar madararta, sai ta ce, "Daga wurin bautar gumakanmu na kawo miki, don ki warke."

Yaya, jikina ya mutu. In na mayar mata da kwanonta, ba ni da kowa a ginin nan. In na karɓa, ina tsoron Allah.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Inna. Don Allah ka amsa da wuri, kafin ta sake ƙwanƙwasa ƙofa.

Ƙanwarka,
Hadiza