Ba Ni Na Kashe Jaririn Cikin Majigi Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Wasan Kwaikwayo da Majigi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ni ce Talatu 'yar wasa, daga garin nan da muka taso muna kira Abuja, yanzu aka ce mu riƙa cewa Suleja. Na yi ta zarya ofishinka har sakatarenka ya daina ɗaga kai in na yi sallama. Shi ya sa na kawo kukana jarida, ba don na raina ka ba.

Na fara wasa a ɗakin taron garinmu tun lokacin da mace ba ta yarda a gan ta a dandamali. Marigayi maigidana ne ya amince mini, ya sha surutu a kan haka. Na fito a mai koko, na fito a uwar soja, akwai ranar da ɗan wasa bai zo ba aka liƙa mini gemun auduga na fito a alƙali. Daga nan sashenku ya ɗauke ni majigi, da talbijin ta zo kuma na riƙa hawa bayan motar doya zuwa Kaduna don wasan da bai kai a dafa shayi ba. Ban taɓa ƙorafi ba, domin ina son aikin. Ga abin da ya sa na yi yau.

Na farko. A bara waccan daraktanku ya zo da labarin wata unguwarzoma da ta yanke cibiya da aska mai tsatsa, jaririn ya sandare ya mutu. A kashi na biyu matar ta yi nadama, ta je asibiti aka koya mata tsabta, ta dawo tana karɓar haihuwa lafiya. Aka ce ni zan fito a unguwarzomar, na karɓa da hannu biyu, domin ɗana na fari haka ya tafi, ban so wata uwa ta ga abin da na gani ba. Abu ɗaya na roƙa, a sa wa matar wani suna. Darakta ya ce sauran 'yan wasan sababbi ne, za su riƙa mantawa, a bar ta Talatu kawai. Ya kuma ce zauren gidana ya fi haske, sai aka ɗauka a can. Wato sunana, da fuskata, da ƙofar gidana.

Na biyu. Da fim ya fito, an yanke kashi na biyu gaba ɗaya. An ce ya yi tsawo, mutane suna watsewa. Yanzu inda yake ƙarewa shi ne uwar jariri tana birgima a ƙasa, ni kuma ina tsaye da aska a hannu. Haka motarku ta majigi ta nuna shi a Zuma, da Gauraka, da Sabon Wuse, mai sharhi yana faɗa a lasifika cewa jama'a su dubi abin da Talatu ta aikata. Yallaɓai, da yawa daga masu kallon nan ba su taɓa ganin majigi ba, wasu ma Hausar ba ta ishe su ba. Fuska suka gani, ita suka riƙe. Sai ga shi gidan talbijin ma ya ari wannan guntun yana ta maimaitawa.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. A kasuwar Sabon Wuse wata mata ta gan ni, ta fizge ɗanta ta ɓoye a bayanta. Na yi dariya a ranar. Sannu a hankali na lura an daina aiko mini in an yi haihuwa a unguwa, ni da nake kan gaba wajen dafa ruwan jego. Wannan ma na haɗiye.

Sai 'yata Hadiza ta haihu, jikana na farko. Na ɗauki turmin atamfa da sabulu na nufi gidan mijinta. Surukarta, mace mai kirki da muka yi shekaru muna zumunci, ta tare ni a bakin ƙofa. Ba ta iya duban idona ba. Ta ce ita ta san wasa ne, amma danginsu na ƙauye sun cika ɗakin, kuma sun rantse in na taɓa yaron za su kwashe kayansu su tafi. Ta ce in yi wa Allah in yi haƙuri har a watse. Na zauna a tsakar gida kan turmin daka, ina jin kukan jaririn, ina jin na Hadiza. Ban yi musu da kowa ba. Me zan ce wa mutanen da suka gan ni da idonsu? Ban ɗauki yaron nan ba sai bayan suna, da baƙi suka tafi.

Na huɗu. Tun daga nan, duk wasan da aka kira ni, ko mayya ko mai zuba guba. An ce fuskata ta karɓi wurin. Na ƙi na baya-bayan nan, aka ce na fara girman kai, aka daina kirana. Ba girman kai ba ne, ranka ya daɗe. Gajiya ce.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kaɗan. A dakatar da wannan guntun fim, a majigi da talbijin, har a mayar masa da kashinsa na biyu. In an mayar, motar ta sake bin garuruwan da ta bi, a tafi da ni, in tsaya a gaban farin ƙyallen majigin in gaya wa jama'a da bakina cewa wasa ne, kuma jaririn da suka yi wa kuka yana nan da ransa, har ya fara gudu. Sannan kada a sake kiran ɗan wasa da sunansa na yanka a irin wannan matsayi. Akwai 'yan mata biyu da suka fara zuwa ɗakin taro suna koyo a wurina, iyayensu sun janye su, kuma ban ga laifinsu ba.

Ban ce a kori kowa ba. Darakta yaro ne, bai yi da mugunta ba. Ina dai roƙon a hanzarta, domin Hadiza tana da wani cikin, ana sa ran farkon damina. Wannan karon ina so in kasance a cikin ɗakin.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya kare maka sunanka a bakin mutane.

Wassalam.

Talatu,
Suleja.