Wanda Aka Yi wa Addu'ar Tara

Santa Rita del Llano, Jalisco
14 ga Agusta, 1945

Zuwa ga Laftanar Crispín Barragán,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ba ka san ni ba. Ni ce Eustolia, yayar Fidencio Arreola, matuƙin jirgin yaƙin Mexico da kuke filin jirgi ɗaya da shi a tsibirin Luzon. Duk wasiƙar da ya rubuto sai ya ambace ka, ɗan Texas ɗin nan da ke tuƙa wa Amurkawa jirgi amma kullum yana tantinsu wurin cin wake.

Ranar biyu ga wata Fada, limamin cocin garinmu, ya shigo gida da hularsa a hannu. Wani Fada ne daga duwatsun Luzon ya rubuto masa, wai manoma sun tsinci jirgi a ƙone da mutum a ciki, sun binne shi a bayan cocinsu. Ba abin da ya rage da za a gane shi sai lambar azurfa ta Uwa Maryamu a wuyansa, ya kuma sako ta cikin ambulan. A bayanta an zana sunan Fidencio da na garinmu. Mama ce ta rataya masa ita a tashar jirgin ƙasa, ta sa ya rantse ba zai cire ba ko wanka zai yi.

Sojoji ba su aiko mana da komai ba har yau, amma wa zai zauna jiran gwamnati bayan Fada ya yi magana? Mun zana gicciyen farar ƙasa a tsakar ɗaki yadda muke yi wa mamaci, mun ja carbi kwana tara, gari duka ya zo. Ranar Asabar aka kwashe gicciyen aka binne shi tare da lambar, kusa da kabarin Baba. Mama ta daina cin abinci, sai kunun masara cokali biyu, shi ma da roƙo.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. Mama na tambaya ko ya sha wahala. In ya sha, ka yi mata ƙarya, ni kuma ka rubuto min gaskiya a takarda daban.

Allah ya mayar da kai gida lafiya.
Eustolia Arreola

Luzon
9 ga Satumba, 1945

Yaya Eustolia,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Ki nemi wuri ki zauna. Ni ne, Fidencio. Dubi rubutun da kyau, wanda kike cewa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Ina nan da raina, ko ƙwarzane babu a jikina.

Crispín ba shi da kowa, gwaggon da ta rene shi ta rasu tun yana makaranta, don haka sunana ya rubuta a matsayin mai karɓar kayansa. Ta haka takardarki ta zo hannuna. Tun ranar ashirin da bakwai ga Yuni jirginsa bai dawo ba. An ce ya ɓata, ni kuma na riƙe cewa yana can cikin duwatsu yana zagin sauro. Na buɗe ambulan na ga ana ba ni labarin mutuwata, ban kai ƙarshen shafi ba na gane tasa ce. Na fita bayan tanti na yi amai.

Ga yadda aka yi. Da safiyar ranar hadari ya rufe duwatsu, kowa jikinsa ya yi sanyi. Ya dubi wuyana yana dariya ya ce mu kowa da abin da uwarsa ta rataya masa, shi kuwa sai gwangwanin da soja suka ba shi. Sai ya ce, "Ara min uwarka ta yau kaɗai, da yamma in dawo maka da ita." Na cire na sa masa da hannuna. Tasa lambar ta soja ya rataya a jikin gadonsa, wai biyu za su dame shi da ƙara. Tana cikin aljihuna yanzu.

Za ki ce me ya hana ni rubutu tun Yuni. Kunya ce, Yaya. Mama ba ta aiko da saƙo sai ta tambayi lambar, ni kuwa ban iya yi mata ƙarya ba. Na karya rantsuwa, na kuma sa ta kukan banza. Yaƙi ya ƙare, za a sallame mu. Ki tambayar min ita ko in zo gida, ko in tsaya a birni.

Ƙanenki,
Fidencio

Santa Rita del Llano
1 ga Oktoba, 1945

Fidencio,

Gaisuwa, tunda dai ana gaida rayayyu. Kai ɗan banza ne na ƙarshe. A gidan waya na buɗe takardarka, ban zauna ba kamar yadda ka ce, sai ji na yi ina zaune a kan buhun wasiƙu ana yi min fifita. Kwana hamsin ina saka baƙi saboda mutumin da ke can yana cin wake.

Na yi zaton Mama za ta tashi ta yi rawa. Na karanta mata sau biyu tana kwance tana kallon rufin ɗaki. Da na gama ta ce, "To wa muka yi wa addu'a?" Na sake karanta mata wurin Crispín. Ta juya fuskarta bango ta ce mutuwa ta zo neman ɗanta, ta tarar da sunansa a wuyan ɗan wani. Tun ranar ba ta ƙara ambaton sunanka ba. Na tambaye ta ko ka zo gida, ta yi kamar ba da ita nake ba. Wallahi tsoro nake ji, gara kukan da take yi a da.

Gari kuma ya rabu biyu. Doña Herminia, wadda ta ja mana carbin, ta ce wanda aka kwashe wa gicciye an riga an sallami inuwarsa, wato kurwarsa, in ba a tone kabarin an fitar da gicciyen ba, ba za ka ga baɗi ba. Fada ya ce surutun tsofaffi ne, amma shi ma bai iya kallon idona, don ya san takardar wa muka bi. Mai sassaƙa ya riga ya kafa dutse da sunanka, har da fukafukai ya zana maka. Jiya na wuce na gan shi.

Ba mai taɓa kabarin sai Mama ta ce. Ka rubuto abin da zan karanta mata.

Yayarka da ke son ta shaƙe ka,
Eustolia

Luzon
18 ga Oktoba, 1945

Yaya,

Gaisuwa gare ku duka. Ki karanta wa Mama wannan.

Na je inda aka binne Crispín, kwana biyu a mota, ɗaya a ƙafa. Tarin duwatsu ne da guntun fiffiken jirgi a kai. Manoman da suka ji sunana sai suka ja da baya suna alamar gicciye. Na rubuta wa garin su Crispín a Texas tun watan jiya, ba wanda ya amsa. Ya taɓa ba ni labari a garin ne aka hana shi zama a wani gidan abinci da kakinsa a jiki, wai ba a sayar wa ɗan Mexico. Ba wanda ya ja masa carbi ko ƙwaya ɗaya a duniyar nan, sai ku, ku ma ba ku san shi kuke yi wa ba.

A tone ko kar a tone, ban damu da inuwata ba. Jirgin ruwanmu zai tashi sati mai zuwa. Zan jira maganar Mama a barikin birnin Mexico, ba zan taka Santa Rita ba sai ta ce.

Naku,
Fidencio

Santa Rita del Llano
10 ga Nuwamba, 1945

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ni ke faɗa, Eustolia na rubutawa.

Ba za a tone ba. An kankare sunanka, an sa nasa, fukafukan na ce a bar masa. Ya ce ka ara masa ni na yini ɗaya, to ni ban yarda da yini ɗaya ba. Ranar bikin tunawa da matattu na ɗora masa kwanon wake a kabarin, kusa da na babanku, ni ma na zauna na ci.

Ka taho gida. Ka zo min da gwangwanin nan nasa, ni zan rataya. In akwai hotonsa a cikin kayan ka haɗo, don har yanzu ban san fuskar yaron da na yi wa kuka ba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Uwarku,
Remedios