Mijina Ya Yanke Ƙafa Ta Uku

Anti Maureen, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni cin abinci.

Mijina Desmond yana ƙera sintesaiza, wato na'urar kiɗa, a rumfar bayan gidanmu, irin ta da, wadda wutar lantarki ce ke yin sautin, ba kwamfuta a ciki. Mutum ne mai tsantseni. Ƙwayoyin da ke fitar da murya sai ya gwada su ɗaya-ɗaya kafin ya liƙa da dalma. Amma taransifomar da ke ba ta wuta, ta araha ya saya a intanet, ko sunan kamfani babu a jikinta.

Tun da zafin gaban damina ya shigo, kin dai san garinmu Darwin, komai sai ya yi gumi, na'urar ta fara wani gunji ƙasa-ƙasa. Ya yi ta fama, daga ƙarshe ya ɗauki filaya ya yanke ƙafa ta uku ta filogin, gunjin ya ɗauke. Wai duk makaɗa haka suke yi.

Makon jiya ina goge ƙura na taɓa murfin ƙarfen, na ji zirr har gwiwar hannu. Jiya na tarar da tsaka a manne a bayanta, ta sandare. Da na nuna masa, dariya ya yi, wai kunnena na kiɗa bai wuce ƙararrawar ƙofa ba.

Anti, 'yarmu Tahlia ya ƙera wa ita. Ranar bikin rufe kasuwar bakin teku ta bana za ta hau dandali da ita, kuma yarinyar nan ba ta kiɗa da takalmi. Ga hadari kullum yana haɗowa. Ita da babanta rabonsu da magana mai daɗi shekaru ke nan, na'urar nan ce ta shirya su. In na faɗa mata, na rushe wannan. In na yi shiru fa? Wallahi tsoro nake ji.

Uwa Mai Fargaba, Darwin

'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Ƙafar da ya yanke ita ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Yanzu wutar ba ta da mafita sai jikin wanda ya taɓa. Ke kin sha ne da sauƙi. Ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen dandali wani lissafi ne daban.

Ban ɗauki mijinki mugu ba. Ya zuba basirarsa a inda kunne ke ji, ya yi sakaci a inda ba a ji, kuma yana gudun ya kunyata gaban 'yarsa. Ki yaba masa aikin, don ya cancanta. Amma yau ɗin nan ki zare wayar wutar na'urar ki ɓoye. Ki gaya masa ba a sake kunnawa sai mai aikin wuta mai lasisi ya mayar da ƙafar, ya canja taransifomar, ya gwada. Gunji yana da magani ban da filaya.

Ki ba shi zuwa gobe ya sanar da Tahlia da bakinsa. In ya ƙi, ke ki faɗa mata. Za su yi fushi, wataƙila su daɗe ba sa magana. Bari su yi. Wadda take raye ce ake shiryawa da ita.

Allah ya tsare miki ita.

Anti Maureen